Likita Ya Rubuta wa Inna Kasuwa

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da magani, wani lokaci ma ta bakin wanda bai san abin da yake faɗa ba. Sunana Rabi. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, karatun manya na yi bayan na haifi 'ya'ya, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Labarin jinyar mahaifiyata Tsahara zan ba ku, wadda muke kira Inna, saboda matan da ke jin wani abu a jikinsu suna ƙara jan zane suna rufewa.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a gindin dutse, tsakanin Dewle da Buza. Abin ya faru a farkon shekarun tamanin, kafin babban farin nan. Babanmu ya riga ya rasu. Maza kuwa, har da mijina, da an gama girbi sai su bi mota su tafi biɗar kuɗi Abijan, a bar gari daga mata sai tsofaffi sai awaki. Inna da sana'arta ta riƙe mu. Daddawar batso take yi, ta gurguzu, irin wadda in ta buɗe masaki a kasuwar Dewle, wanda ke can wajen mahauta ma sai ya waiwayo. Tana da wurinta a gindin wata aduwa, da wani faffaɗan dutse da take zama a kai, har ya yi santsi don zama. Dab da ita taubashiyarta ce, Hajo, ita ma daddawar take sayarwa. Shekara da shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna zagin hajar juna. Inna takan ce daddawar Hajo ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a kanta. Hajo takan ce ta Inna da ita ake korar kura daga garke. Masu saye da yawa ba daddawar ce ke kawo su ba, faɗan suke zuwa kallo.

Wata rana da bazara muna daka, Inna ta jingine taɓarya ta kira ni ɗaki.

"Ke ɗiyag ga, taɓa nan. Mi kinka ji?"

Na taɓa nononta na dama. Wani ƙullutu ne, tauri gare shi, bai wuce ƙwallon aduwa ba. Na ce yana ciwo? Ta ce ko kaɗan. Wannan rashin ciwon shi ya yaudare mu. Mu a saninmu, abin da ba ya hana barci ba ya hana cin tuwo, ai ba cuta ba ne.

Da Gwaggo A'i, ƙanwar babanmu, ta gani, sai ta dafe ƙirji.

"Daji na! Ku ji min, daji na. Kuma kada wanda ya kuskura ya ambaci likita. Daji ba shi son ƙarhe. Ko allura ta taɓa shi, hwashewa shikai shi bi jiki dut."

Gwaggo ba muguwa ba ce, abin da ta ji a bakin na gaba ta faɗa. Amma har gobe in na tuna daminar nan raina sai ya ɓaci. Damina guda cur muka ɓata. An sha rubutu, an yi hayaƙi har zannuwanmu suka riƙe warin. Aka kawo wani mai magani daga bayan Allakai da wani baƙin ƙulli da ake shafawa, ya ci kazarmu, ya tafi da akuyarmu, ya bar wa Inna fata a saɓule. Ƙullutu kuwa yana ta aikinsa. Daga ƙwallon aduwa ya kai ƙwan zabo, kan nonon ya fara shigewa ciki, sannan wata kaluluwa ta fito a hammata. Duk da haka Inna ba ta fasa kasuwa ba, kuma ba ta gaya wa Hajo ba.

Allah ya kawo mana Kawu Illa, ƙanin Inna. Shi dako yake yi a wata babbar kasuwa a Abijan, ya daɗe bai zo gida ba. Ya dawo da rediyo a kafaɗa da baƙin tabarau, ba ya iya gama magana sai ya liƙa mata Faransanci, "wala" ko "dakor". Yara na binsa suna kwaikwayo, shi kuwa gani yake yabo ne. Ina yi masa tsiya har yau, amma gaskiya ɗaya ce, ba don shi ba da an binne Inna a shekarar. Da ya ji labari ko ruwa bai sha ba ya shiga ɗakinta.

"Yaya, gobe muna tahiya likita."

"Illa, namiji za ni buɗe ma ƙirjina da tsuhwana?"

"Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Can Abijan na ga mata awa ke, anka yi musu aiki, suna nan suna saida ayaba. Wala."

Gwaggo ta yi ta faɗa har ta yi kuka. Kawu ya sayar da rediyonsa, ni na sayar da tunkiyata, muka kama hanya.

A disfansar ɗin Buza, ƙaramin asibitin garin, majo mai duba marasa lafiya ya duba, ya tura mu Madawa. Daga Madawa aka tura mu gaba, babban asibitin da ake fiɗa. Wanda bai taɓa shiga bayan motar kasuwa a kan duwatsun Adar da mara lafiya a jikinsa ba, bai san wuya ba. Kowane rami sai na ji shi a ƙirjina. Muka isa jikinmu duk tsami, muka tarar da layi kamar ranar rabon hatsi. Mutane sun gaji da tsayuwa, sai kowa ya aje takalminsa a layi ya koma inuwa. Takalman Inna suka yi ta bin layi a madadinta, ni ina tura su da ƙafa. Kwanaki muka yi a gindin dogon yaro, muna dafa abin da ya samu a kan duwatsu uku, kafin a kira mu. Kowace taga ka je a ce ba nan ba ne, can ne. Amma a gindin itacen nan na ga kirki irin wanda ban taɓa gani ba. Wata Buzuwa da ba mu jin maganar juna sosai ita ta riƙa ba Inna nonon akuyarta kowace safiya.

Likitan Bature ne, dogo, rana ta gasa shi ya yi jawur, har hancinsa na ɓarewa. Inna na ganinsa ta raɗa masa Jan Zakara. Akwai wani anfirme, wato ma'aikacin jinya, ɗan Madawa, mai sanyin murya, shi ke mayar mana da magana. A bakinsa na fara jin kalmar "kansar". Ya ce shi ne dajin da muke faɗa, kuma ba ƙarfe ke tayar da shi ba, jira ke tayar da shi. Ya ce da mun zo tun yana ƙwallon aduwa da aikin ya fi sauƙi, yanzu kam sai an cire nonon gaba ɗaya, har da kaluluwar hammata.

Ni na fashe da kuka. Inna ta harare ni.

"Mi a' na kuka? Ɗiya bakwai na shayar da shi, ya gama aikinai. Gaya ma Jan Zakara shi ɗauka."

Anfirme ya danne dariya, ban san da wane suna ya mayar ba.

Aka yi aiki, Allah ya sa ta farka. Makon farko ni ce hannunta, ni ce ƙafarta. In ɗaga ta, in goge mata jiki, in ba ta kunu da ludayi. Akwai wata 'yar roba da ke fitar da ruwa daga wurin, ita nake tsoro fiye da komai, kada in taɓa ta ta fita. Mako na biyu zazzaɓi ya sauka, ta fara cin tuwo. Da aka zo kwance ɗinki aka buɗe wurin, ta sunkuya ta duba. Ta ja zane ta rufe. Daga ranar na lura maganarta ta ragu.

Ranar sallama anfirmen nan ba ya nan, an kira shi wajen wani da mota ta kaɗe. Likita ya shigo yana waige-waigen mai fassara. Kawu ya gyara tabarau ya matso.

"Ku bar min. Ni da na sha ruwan Abijan?"

Likita ya yi magana mai tsawo, Kawu na ta "wi, wi, dakor". Ya je jikin bango ya riƙa hawa da yatsunsa sama a hankali, yana nuna hannun Inna. Wannan ko ni na gane. Sannan ya sa yatsu biyu a kan tebur yana tafiyar da su kamar ƙafafu, ya dubi Inna ya ce, "Marshe, madam. Marshe, tu le jur."

Fuskar Kawu ta washe, an zo gidansu.

"Yac ce ki riƙa ɗaga hannu bisa bango. Kuma yac ce kasuwa. Kullum ki tai kasuwa."

Na ce, "Kawu, kasuwa fa? Mai ɗinki a ƙirji?"

"Ke, marshe yac ce. Ni da ƙuruciyata ta ƙare cikin marshe ina dako, ni za a gaya ma marshe? Marshe kasuwa ta. Tu le jur, kullum. Wala."

Na tuna yatsun nan biyu da ke tafiya a kan tebur, na ce lalle kasuwa suka nufa. Muka yi godiya muka fito.

A nan ne jinyar gaske ta fara, don mun bar ciwo a asibiti mun dawo gida da wani. Inna ta shiga ɗaki ba ta sake fitowa ba. Ana zafi kamar a toya ƙwai, ita tana lulluɓe da zane biyu, fuskarta na kallon bango. 'Yan dubiya suna ta zuwa, kowa "sannu, sannu, ki kwanta, kada ki motsa". Wasu don Allah suka zo, wasu kuwa idonsu na kan ƙirjinta tun daga bakin ƙofa, in sun fita ka ji ana raɗa, "an yanke ta". Inna tana ji. Hajo ma ta zo sau ɗaya. Ta tsaya ta daɗe tana kallon bayan Inna, ta jefa mata tsiya guda, Inna ba ta rama ba. Hajo ta fita ba ko sallama.

Miki ya warke sarai, amma mai mikin tana ƙarewa. Ƙafafunta suka zama kamar kara. Hannun dama ya manne a jikinta, ya kumbura, ko kallabi ba ta iya ɗaurawa. In na ce ta hau bango da yatsu sai ta ce ita ba ƙadangare ba ce. Ran nan ina shafa mata mai ta ce da ni a hankali, "Rabi, ƙaƙa za ni shiga mutane da ɓari guda?" Abin da ya fi ba ni tsoro, ta daina zagin kowa. Na zubar da gishiri a gabanta da gangan, ko ta ce mini sakarya, ba ta ko ɗaga kai ba. Na fita bayan rumbu na yi kuka. Na san in ba ta fito daga ɗakin nan ba, ɗakin ne zai zama kabarinta, ba kansar ba.

Kawu kullum sai ya zo bakin ƙofa ya tuna mata. "Yaya, lokotoro yac ce kasuwa." Gwaggo ta taso masa. "Kai da lokotoronka! Ina anka taɓa kai mai jinya kasuwa, cikin bakin mutane da iskoki?" Su yi ta yi, wadda ake faɗan dominta tana kallon bango.

Ana nan, ranar kasuwar Dewle na je sayen gishiri da kanwa. Ƙafata ta kai ni gindin aduwa. Me zan gani? Hajo ta ja masakinta ta koma wurin Inna, ta baje a kan dutsen Inna, har da miƙe ƙafa. Jini ya hau mini kai. Kafin in buɗe baki ta riga ni, da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

"A'a, ɗiyar Tsahara! Ki gaya ma uwarki, anka ce ba ta tashi, ni kau ban barin inuwa ta lalace. Mutane na ta godiya, sun ce sai bana sunka san ɗanɗanon daudawa. In tana son wurinta, ta taka ta zaka ta amsa da ƙahwarta."

Na dawo gida ko gishirin ban saya ba. Na so in ɓoye, amma ni 'yar Inna ce, magana ba ta kwana a cikina. Na zazzage mata duka, har da ƙari. Can sai na ji tabarma ta motsa. Ta juyo, karo na farko da na ga idonta sosai tun dawowarmu.

"Bisa dutsina?"

"Bisa dutsinki, Inna. Har da miƙe ƙafa."

"Kira min Illa."

Kawu ya zo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Illa, mi Jan Zakara yac ce?"

"Kasuwa, Yaya. Kullum."

"To. A gaya ma A'i da mutanen gari, ba ni ka son hita ba. Magani na anka rubuta min."

Sai daga baya na gane abin da maganar nan ta yi mata. Ita da kanta ba za ta iya cewa tana marmarin mutane ba, bayan abin da aka raɗa a kanta. Amma umarnin likita mayafi ne, ta yafa shi ta fito.

Fitowar farko iyakarta zaure. Ta zauna tana haki, gumi na zuba, ta ce ƙasa na juyawa. Washegari ta kai bakin garka, wato ƙofar gida. Bayan 'yan kwanaki ta kai 'yar yara, inda 'yan mata ke baje tallan yamma a bakin masallaci, ta ce ai ita ma kasuwa ce, a rubuta ta sha maganin yau. A nan ta ɗanɗana ƙosan wata yarinya ta ce da shi za a iya jifar tsuntsu a gona. Da na ji wannan na san uwata na dawowa.

Na ɗinka mata ɗan ƙunshin auduga muna sa wa a cikin riga, ɓangaren da babu. Sai ta ce kuma ba za ta shiga kasuwa hannu rabbana ba kamar mai zuwa roƙo, a jiƙa gurguzu. Ni ke dafawa, ni ke daka, ita tana zaune tana kushe. Da kushen ya ishe ta sai ta fizge taɓarya da hagu. Kwana kaɗan na ga dama ta kama ƙasan taɓaryar, tana cije leɓe. Kowace safiya kuma mu kama hanyar Dewle, mu je inda ƙarfinta ya ƙare mu dawo. Yau rijiya, gobe bakin ƙorama, wani makon gindin tudu. Akwai ranakun da ta kasa, ta kwanta tana cewa a bar ta ta mutu. In haka ta faru ba na lallashi, sai in ce na ji an ce Hajo ta sa an yi mata rumfa a wurin. Kafin in rufe baki tana neman takalmi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ranar da ta ce yau sai Dewle, muka fita da sanyin safe. Ni na ɗauki masaki, Kawu na biye da jaki ko za ta gaji. A hawan dutse numfashinta ya yi sama, Kawu ya ce ta hau.

"Lokotoro bai ce jaki ba," in ji ta. Ta huta a kan dutse, ta tashi, ta sake hutawa. Sai da rana ta take muka ji hayaniyar kasuwa.

A bakin kasuwa ta tsaya cik. Mutane sun fara ganinta, ana taɓa juna, ana nunawa da baki. Na ga ta ja mayafi ta ƙanƙame ƙirji.

"Rabi, mu koma."

Duk wahalar makonnin nan, ga aduwa ana hangowa. Sai ga wata murya ta keto kasuwa, muryar da ko a cikin barci na san ta.

"Ga daudawa! Daudawa ta gaske, ba irin ta marigayiya ba!"

Inna ta ce, "Marigayiya?"

Ban san lokacin da ta wuce ni ba. Tana ratsa mutane, ina bin ta da masaki a ka. Jama'a sun yi yawa tsakaninta da aduwa, ga shi ita ba doguwa ba ce, tana son Hajo ta gani da kyau. Sai ta ɗaga hannu sama da kawunan mutane, ta ware yatsu biyar, ta watsa mata daƙuwa.

"Amshi naki, Hajo! Uban wa ya mutu?"

Na saki ihu. "Inna, hannu! Hannunki!"

Hannun dama ne. Wanda ya yi watanni a manne, wanda ya ƙi hawa bango, ga shi can sama yatsu a ware. Ita ma ta ɗaga kai tana kallonsa kamar na wani. Kasuwa ta kwashe da dariya da guɗa, Kawu na ta tsalle yana "wala, wala", har jakin ya tsinke.

Hajo ta tashi daga kan dutsen. Ta kwance ɗankwalinta ta kakkaɓe shi tas. Hawaye na zuba a fuskarta har haɓa, amma bakin bai fasa ba.

"Kin daɗe, raguwa. Na gaji da gadin wurin ga. Dutsinki ma awa halinki, tauri gare shi, dut ya ɓata min baya."

Inna ta zauna, ta buɗe masaki, ta shaƙi iska ta yamutsa fuska ta ce wani abu ya mutu a nan kusa, ko daddawar wasu ce. Kafin la'asar masakinta ya ƙare. Ranar a kan jaki ta koma gida, tana barci tana gyangyaɗi, ni da Kawu muna riƙe da ita dama da hagu.

Daga nan sai ta zame mana ɗan zani. Tunda likita ya ce kullum, kuma kasuwar Dewle ba kullum take ci ba, sai ta shiga bin kasuwanni. Ranar Buza tana Buza, ranar Allakai tana hanya, har Garhanga ta taɓa zuwa, ta yi rabi a mota rabi a ƙasa, ta shekara tana ba da labari. Gwaggo in ta buɗe baki sai a ce mata magani ne. Cinyoyinta suka ciko, cin abincinta ya dawo, zaginta ya fi na da. Ƙunshin audugar nan wata rana ya faɗo a tsakiyar ciniki, ta ɗauka ta miƙa wa Hajo ta ce ta toshe hanci da shi in za ta buɗe hajarta, ba ta sake sa shi ba. Abu guda zan gargaɗi mai irin wannan jinya, hannun ba ya son kaya mai nauyi. Duk ranar da ta yi gardama ta ja guga ko ta ɗauki masaki da shi, sai ya kumbura mu kwana biyu muna jingine shi a kan matashi.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, muka tafi mu uku. Wannan karon anfirme na nan. Likita ya duba tabo, ya taɓa hammata, ya ce ta ɗaga hannu, ta ɗaga har tana neman taɓa masa hanci. Ya yi murna ƙwarai, ya ce a tambaye ta me take yi haka.

"Abin da yac ce. Kasuwa kullum."

Anfirme ya mayar. Likita ya ɗaure gira. Suka yi 'yar magana, sai anfirme ya dafe tebur yana dariya har da hawaye, likita ya ƙara yin ja. Da ƙyar anfirme ya iya yi mana bayani. Ashe a Faransanci kalmar tafiya da ƙafa da kalmar kasuwa baki ɗaya suke fita, marshe. Likita cewa ya yi ta riƙa tattaki kullum don jiki ya yi ƙarfi. Bai taɓa ambaton kasuwa ba.

Kawu ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba, tsoro ne ya kama ni. Mayafin da ta yafa ta fito ke nan aka yaye. In labari ya kai gida cewa ba likita ne ya ce ba, Gwaggo ta samu abin faɗa, ita kanta Inna wa ya san abin da kunya za ta sa ta yi? Na zuba mata ido.

Ta dubi anfirme. "Tsaya, yaro. Tahiya yac ce in yi? Zuwa ina?"

"Ba ko'ina ba, Inna. Ki hita ki taka ki dawo."

"Ba aike, ba biki, ba gaisuwar mutuwa? In hita in zagaya gari in dawo hannu wohi?"

"Hakanan na."

"Subhanallahi. Gaya mishi, garinmu wanda ka yin hakanga ɗaure shi akai a turke, a kira malamai. Da Illa ya hwaɗi daidai, da yanzu ina kwance ko ina ƙasa."

Da aka mayar masa, likita ya yi dariya har ya zauna. Sannan ya tashi ya kama hannun Kawu ya girgiza, ya ce a gaya masa nasa maganin ya fi, kuma daga yau shi da bakinsa ya ce kasuwa, kullum. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kawu ya mayar da tabarau, kafin mu kai tasha labarin ya koma cewa shi da gangan ya gyara wa Bature magana.

Inna ta yi shekaru masu albarka bayan haka. Ta ga farin nan ta ga bayansa, ta ga auren jikoki, kuma a ranar kasuwa ta bar duniya, da gurguzu jiƙe a tukunya. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Gwaggo da ta yi jinya da mu duk da faɗanta, ya saka wa Kawu, da anfirmen nan, da Jan Zakara, da Buzuwar da ban san sunanta ba. Ke kuma mai karatu, in kin ji ƙullutu, ko ba ya ciwo, kada ki ba shi damina.

Shekara biyu ko uku bayan aikin, wata ranar kasuwa na lura Hajo ba ta da baki. Inna ta jefa mata tsiya ba ta rama ba, ta sake jefawa shiru. Da kasuwa ta fara watsewa Hajo ta matso ta ce a hankali, "Tsahara, taho ki taɓa nan." Suka zaga bayan aduwa, ni na tsaya ina kare su da zane. Inna ta taɓa. Sannan ita da ta yi watanni tana kallon bango don kada a gani, ta ɗaga rigarta a bakin kasuwa ta nuna mata tabon tun daga ƙirji har hammata.

"Duba da kyau. Iyakarsa ke nan, kuma ga ni. Naki bai kai ƙwallon aduwa ba. Gobe Illa na kai ki."

Hajo ta tafi da wuri, aikinta bai kai na Inna wuya ba. Amma da ta dawo ita ma ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ranar kasuwa ta zagayo, muka isa gindin aduwa, na sauke masaki a gaban dutsen Inna kamar kullum. Ta ce ba nan ba. Ta ja shi da ƙafa har wurin Hajo, ta baje a kan 'yar kujerar Hajo, ta miƙe ƙafafu. Ta hango 'yar Hajo ta zo sayen gishiri, ta ɗaga hannun dama sama ta yafuto ta, ta buɗe murya yadda har mahauta za su ji.

"Ke! Gaya ma uwarki anka ce ba ta tashi. In tana son wurinta, ta taka ta zaka ta amsa."